Alewar Gyaɗa ta Barka da Salla

Saura kwana uku ƙaramar Salla, garin Filinge ya cika da hidima. Tela ba ya barci, mai kitso ba ta hutawa. Yara kuwa sai lissafin gidajen da za su je barka da Salla suke yi.

Akwai wata yarinya ƴar aji biyar da take zaune wurin kakarta. Bana ta ce ba karɓa kaɗai za ta yi ba, ita ma za ta bayar. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ta sayar da zakaranta. Ta sayi gyaɗa tiya ɗaya da sukari kilo ɗaya. Yayanta da ke aiki Abijan ya aiko musu da gwangwanin garin kakawo, wato garin da ake yin shokola da shi. Ta ƙudura za ta yi alewa, ta kai wa gwaggonta a Tukunus, ta ba malaminta, ta raba wa maƙwabta.

Da hantsi ta hura wuta da kara da itace. Harshen wuta yana lasar tukunya har baki. Ta zuba rabin sukarin, ta shiga ɗaki neman ludayi. Kafin ta fito hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Sukari ya yi baƙi ƙirin. Ta ɗanɗana wanda ya daskare a gefe, ta ji ɗaci kamar ɓawon maɗaci. Rabin kilo ya tafi, ga shi ba ta da wani zakaran.

Kaka ta fito tana tari, ta ce, “Kishiya, gidan za ki toye mana kafin Salla?”

“Kaka, sukarina ne ya lalace.”

“Ai wutar tuwo kika hura masa. Sukari ba ya son harshen wuta, garwashi yake so. Share hawayenki, kawo sauran mu gani.”

Yadda suka yi

Kaka ba ta fara da sukari ba. Ta ce a zuba gyaɗa a faifai, su zauna su tsince ta. Duk ƙwarar da ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, sai a fid da ita. Yarinya ta ga kamar asara ce, ta ce ai wuta za ta gyara su. Yara, a nan ba ta yi daidai ba. Gyaɗar da ta sha raɓa ko aka adana ta da danshi takan yi wata fumfuna mai guba. Wannan guba tana cutar hanta sannu a hankali, kuma suya ba ta kashe ta. Kada ku ci irin wannan gyaɗa, kada ku ba kaji, balle ku sa ta cikin kyauta.

Da suka gama tsinta, suka soya gyaɗar a kasko da rairayi mai tsabta. Rairayi yana rarraba zafi, kowace ƙwara ta samu daidai. Ta yi ja, ta yi ƙamshi, suka sauke. Bayan ta huce suka murje ta, suka fece ɓawon, suka ɗan daddaka ta a turmi, ba har ta yi laushi ba. Suka auni kofi 2, suka barbaɗa mata garin kakawo cokali 2, suka cakuɗa. Kaka ta shafa wa faranti man shanu, ta ajiye kwalba da wuƙa da ƙoƙon ruwan sanyi kusa da ita. In sukari ya nuna ba ya jiran kowa, saboda haka ake shirya kome tun da wuri.

Sa'an nan Kaka ta janye itatuwan, ta bar garwashi kaɗai. Ta ɗora tukunya, ta zuba sukari kofi 1, da ruwa rubu'in kofi, ta matsa lemun tsami kaɗan. Sukari ya narke, ya fara tafasa. Kumfa ta yi ta tashi, da farko ƙanana masu sauri, daga baya manya masu nauyi. Yarinya ta gaji da jira, ta kai hannu ga mafici. Kaka ta buge hannun.

Can sai launi ya fara juyawa, ya zama kamar zuma. Kaka ta ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, ta ciro, ta matsa. Ya yi danƙo, ta ce da saura. Jim kaɗan ta sake ɗigawa. Wannan karon ya daskare nan take, ta karya shi, ya ce ƙas. Maza ta sauke tukunya, ta sa man shanu cokali 1, ta juye gyaɗar ciki, ta juya da muciya. Ta kwashe bisa faranti, ta murza da kwalba har ya yi faɗi. Tun da sauran ɗumi ta yayyanka da wuƙa, gida-gida. Suka sami yanka 30.

Ku lura da kyau: sukarin da ke tafasa ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa, kuma yana manne wa fata. Kada ku yi wannan aiki sai da babba a kusa. A kori ƙanne daga bakin murhu. In ya zubar wa mutum, a sa wurin cikin ruwan sanyi a daɗe, kada a shafa mai ko toka, sa'an nan a tafi likita.

Me ya sa garwashi ya fi?

Kun koya a darasin kimiyya ruwa yana tafasa a digiri 100. Kome wutar da aka sa masa ba ya wuce nan, sai dai ya tashi ya zama tururi. Ruwan sukari ba haka yake ba. Yayin da ruwan ke ƙonewa, sukari yana yin kauri, zafinsa yana hawa. A wajen digiri 150 ne ɗigonsa yake karyewa cikin ruwan sanyi, kamar yadda Kaka ta gwada. Daga 160 zuwa 170 yana yin ja mai ƙamshi. In ya haura haka kaɗan sai ya yi baƙi, ya yi ɗaci, ba kuwa abin da zai komo da shi.

To, kun ga tsakanin nuna da ƙonewa ba nisa. Bisa harshen wuta sukari yakan tsallake wannan tazara kafin ka juya ka ɗauki ludayi. Gindin tukunya ya ƙone alhali na gefe bai ko narke ba. Bisa garwashi zafi yana hawa a hankali, mai aiki ya sami lokacin dubawa da gwadawa. Kaka ba ta da ma'aunin zafi, ba ta taɓa jin sunan digiri ba. Ƙoƙon ruwan sanyi shi ne ma'auninta, bai kuwa taɓa yi mata ƙarya ba. Lemun tsamin da ta matsa shi ma yana da aiki: yana hana sukari komawa tsaki-tsaki in ya huce. Garin kakawo kuma saurin ƙonewa gare shi, shi ya sa bai shiga tukunya ba sai da aka sauke ta.

Baƙi biyu daga ƙasa ɗaya

Gyaɗa, wadda mu nan yamma muka fi kira gujiya, ta zama ƴar gida har mun manta baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Kudu. Jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo ta bakin tekun Afirka cikin ƙarni na 16, daga nan ta yi ta shigowa arewa. A Nijar ta yi zamaninta. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don sayen gyaɗa da fitar da ita waje, akasari daga ƙasashen Maraɗi da Damagaram. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki. A Kurfai ruwan shekara wajen milimita 400 ne, wata shekara ma bai kai ba. Hatsi da wake da kiwo suka fi ƙarfi. Gyaɗa sai ƴan gonakin mata, sauran kuwa daga kudu ƴan kasuwa suke kawo ta.

Kakawo shi ma daga Amurka ya fito. Kada ku rikita shi da kokon da muke sha da ƙosai, suna ne kawai ya yi kama. Itace ne mai son inuwa da ruwa mai yawa, ninki uku ko huɗu na wanda muke samu. Ba zai rayu a Dallol Bosso ba ko da an yi masa ban ruwa, don iskar hunturu da zafin bazara za su busar da shi. Ƴaƴansa a jikin gindi da manyan rassa suke fitowa, kowane da ƙwara 30 zuwa 40 a ciki. Manoma sukan tara ƙwarar, su rufe da ganyen ayaba wajen kwana shida ta ruɓa kaɗan, sa'an nan su shanya. Ba don wannan rufewa ba, da shokola ba ta yi ƙamshi ba.

A ƙasar Gana ana tunawa da wani maƙeri, Tetteh Quarshie, wanda ya komo da irin kakawo daga tsibirin Farnando Po, ya shuka a garin Mampong a 1879. Yau Kwaddebuwa da Gana su biyu suke noma wajen rabin kakawon duniya. Waɗannan ƙasashe ba baƙi ba ne gare mu. Tun zamanin kakanni samarin ƙasarmu suke tafiya can ci-rani bayan girbi. Ku tambaya a gida, da wuya a rasa wanda ya taɓa ganin kakawo a shanye bakin hanya.

Yadda ake yi a wata ƙasa

A Amurka ma ana yin alewar gyaɗa don kyauta, amma su lokacin Kirsimeti. Suna da wata tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, wadda ta bazu cikin gidajensu daga 1971 da sunan Crock-Pot. Sukan zuba soyayyiyar gyaɗa a ƙasa, su ɗora gutsattsarin shokola a sama, su rufe, su sa ta a ƙaramin zafi awa ɗaya ko biyu. In ta narke sai su juya, su riƙa ɗiba da cokali suna ɗigawa bisa takarda. Ta daskare, su ƙunsa, su kai wa dangi. Dabarar ɗaya ce da ta Kaka, sai dai shokola ta fi sukari tsoron wuta. Man da ke cikinta yana narkewa a wajen digiri 34, jikin mutum kuwa 37 ne. Shi ya sa take narkewa a baki.

Ana iya yin irin wannan a nan ba tare da lantarki ba. A sa shokola cikin ƙaramin kwano busasshe, a ɗora kwanon bisa tukunyar ruwan zafi, tururi ya narkar da ita. A kiyaye kada ko ɗigon ruwa ya shiga, don sai ta dunƙule. Amma fa a duba wata. A Afrilu da Mayu zafin Filinge yana wuce digiri 40 a inuwa. Wanda ya ƙunsa irin wannan alewa ya shiga mota zuwa Yamai, tafiyar wajen kilomita 180, kunu zai kai wa mutane. A 2025 an yi ƙaramar Salla a ƙarshen Maris, babba a farkon Yuni, duk cikin zafi. Kowace shekara Salla tana matsowa da wajen kwana 11. Sai wajen 2030 ƙaramar Salla za ta faɗo farkon Fabrairu, cikin ɗari. Kafin nan, alewar sukari da garin kakawo ita ce mai jure hanya.

Ranar Salla yarinya ta ƙunsa alewarta biyar-biyar cikin takarda mai tsabta. Ta ajiye ƙunshi ɗaya gaban Kaka. Kaka ta ce ba ta da haƙoran tauna, amma ta karɓa, ta jefa yanka ɗaya a baki tana tsotsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa sukarin farko ya ƙone?
2. Don me aka fid da gyaɗa mai fumfuna, ko da za a soya ta?
3. Yaya Kaka ta gane sukari ya nuna?
4. Me ya hana kakawo fita a Kurfai?

Lissafi

Yanka 30 aka ƙunsa biyar-biyar. Ƙunshi nawa aka samu? In gidajen da za a kai 12 ne, kofi nawa na gyaɗa da na sukari za a auna? A ce ana sayar da yanka ɗaya dala 5, nawa ne kuɗin yanka 30?

Aiki a gida

Ku tambayi inna ko kaka yadda ake yin kantun riɗi. Ku rubuta shi layi goma da Hausa. Ku nemo sunan gyaɗa, da sukari, da garwashi, da tururi da Faransanci, ku kawo aji ranar Litinin.