Tafiyar Hutu da Ɗa Matashi: Hukuncinta da Ladubban Sadakar da Ake Yi a Cikinta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta, Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, duk shekara in makarantun boko suka shiga babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, akan sami iyayen da Allah Ya hore wa hali suna ɗaukar ɗansu ko ƴarsu da ta tasa, su tafi shan iska. Wasu sukan hau duwatsun Abzin, su je Timiya ko Iferwan ko Tabelot. Wasu sukan nufi Ingal lokacin taron makiyaya na lasar gishiri. Wasu kuma sukan kai bakin teku, Kwatano ko Dakar, har akan sami mai tsallakawa zuwa tsibirai irin su Zanzibar. Da yawa cikinsu sukan ɗauki tufafi ko littattafai ko kuɗi don rabawa mabuƙatan wurin da suka sauka. Tambayoyi uku ke zuwa mana a kan wannan: shin tafiyar ta halatta? Shin ana iya sanya zakka a ciki? Kuma yaya za a yi sadakar ta karɓu, yaron ya amfana? Za mu amsa su bisa mazhabar Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama.

Mas'ala ta farko: hukuncin tafiyar

Asalin tafiya a bayan ƙasa halal ne, niyya ce ke ɗaga ta ko ta kayar da ita. A aya ta 20 ta Suratul Ankabut, Allah Ya umarci bayinSa su yi tafiya su dubi yadda Ya fari halitta. Suratul Kahfi ta ba mu labarin Annabi Musa (AS) da saurayinsa, wanda malaman tafsiri suka ce Yusha'u ɗan Nunu ne, suna tafiya zuwa mahaɗar tekuna biyu don neman ilmi. Haka kuma wasiyyar nan da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abdullahi ɗan Abbas game da kiyaye dokokin Allah, wadda take hadisi na 19 cikin Arba'una na Imamu Nawawi, ya yi masa ita ne yana goye da shi a bayan abin hawa, alhali Ibnu Abbas yaro ne. Ke nan hanya makaranta ce, kuma uba shi ne malaminta.

Malamanmu sun bambanta tafiyar halal da tafiyar wasa zalla da tafiyar saɓo. Risala ta Ibnu Abi Zaidi ta ƙayyade nisan da ake yin ƙasaru da mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri zai cika sallarsa. Timiya tana da nisan fiye da kilomita 200 daga Agadas, don haka mai zuwa can matafiyi ne. Sai dai a Muhtasar na Shaihu Halil an keɓe sunnar ƙasaru ga wanda tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, ba kuma ta wasa ba. Saboda haka ya kamata uba ya gyara niyyarsa tun yana gida: sada zumunci, da tunani cikin halittar Allah, da tarbiyyar ɗa, da hutun jiki don ƙarfafa ibada.

Akwai sharuɗɗa guda huɗu. Na ɗaya, kada a bar iyali babu abinci, domin ciyar da su wajibi ne, shan iska kuwa mubahi ne. Na biyu, kada a tafi da bashin da lokacin biyansa ya yi. Na uku, a yi adalci tsakanin ƴaƴa, kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya koyar: in an tafi da wannan bana, a san abin da za a yi wa ɗan uwansa. Na huɗu, a bincika lafiyar hanya wurin hukuma da masana daji, kuma a guji masaukin da ake shan giya ko tsiraici a fili, domin idon matashi yana ɗaukar abin da ya gani fiye da abin da ya ji.

Mas'ala ta biyu: zakka da kuɗin tafiya

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa jinsi takwas da ake bai wa zakka. Babu kuɗin mota a ciki, babu kuɗin masauki, babu guzurin mai fitar da zakkar. Duk wanda ya cire kuɗin jirgi daga zakkarsa da hujjar cewa zai je ya raba ta ne, to, ya ci haƙƙin talakawa, kuma zakkar tana nan a wuyansa.

Sa'annan a mazhabarmu ana raba zakka ne a wurin da ta wajaba ko kusa da shi. Ba a kai ta nisan ƙasaru sai in mutanen can sun fi na gida buƙata. Tushen wannan shi ne umarnin da Annabi (SAW) ya bai wa Mu'azu ɗan Jabal lokacin da ya aike shi Yaman, cewa a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Mai dukiya a Agadas ya fara duban marayun unguwarsa, da matan da mazansu suka rasu, da baƙin da hanya ta yanke musu suna kwance a tashoshin mota. Waɗannan na ƙarshe su ne ibnus sabil da ayar ta ambata, kuma garinmu, da yake ƙofar Hamada ne, ba ya rabuwa da su. In kuwa wata masifa ta sauka a wani yanki, fari ko ambaliya irin wadda ta rushe gidaje masu yawa a nan Agadas a watan Satumba na 2009, to, kai zakka can daga nesa ya halatta, har ya fi.

Sadakar taɗawwu'i kuwa ƙofarta a buɗe take, ana yin ta a gida da daji, ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ita ce ta dace da tafiyar hutu. Duk da haka dangi su ne kan gaba, domin hadisi ya nuna cewa sadaka ga ɗan uwa lada biyu gare ta, ta sadaka da ta zumunci.

Mas'ala ta uku: darasin da garinmu ya koya

Ya ku bayin Allah, mu mutanen Agadas ba sai an ba mu labarin baƙo mai yawon buɗe ido ba. Masallacinmu, wanda aka gina tun wajen 1515, aka sabunta shi a 1844, da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, ya daɗe yana jawo baƙi, har Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A shekarun 1980 da 1990 tseren motoci na Paris-Dakar ya sha ratsawa ta nan, na 1997 ma daga Dakar ya taso ya juyo daga Agadas. Daga bisani rikicin 2007 zuwa 2009 ya karya wannan harka.

Baƙin nan sun kawo alheri: direbobi da ƴan rakiya da maƙeran azurfa sun ci abinci, akwai kuma waɗanda suka haƙa rijiyoyi suka gina azuzuwa. Amma manya cikinmu suna tuna wani abu na daban. Suna tuna yadda ake jefo alawa da biro ta tagar mota, yara na rububi cikin ƙura, ana ɗaukarsu hoto. Sannu a hankali ƴaƴan mutanen da kakanninsu suka ƙetare Tenere da ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, ba su taɓa miƙa hannu ga kowa ba, suka koyi bin mota suna kiran «kado, kado». Mai jefawa yana zaton alheri ya yi, alhali ya dasa roƙo inda babu shi.

To, abin da muka ji zafinsa da aka yi wa ƴaƴanmu, kada mu ɗauke shi mu kai wa ƴaƴan wasu. Yau kusan kowane matashi yana riƙe da wayar da ke ɗaukar hoto, kuma cikin ƙiftawar ido fuskar talaka ta zaga duniya. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kamanta mai yin haka da mai ciyarwa don mutane su gani. Ayar da ke gabanta ta fifita magana mai daɗi a kan sadakar da cutarwa ke bi. Wace cutarwa ce ta kai a tsayar da dattijo, a ɗora masa buhun hatsi a hannu, a ce ya dubi waya? Abin da ya karɓa zai ƙare cikin mako biyu, hoton kuwa jikokinsa za su tarar da shi.

Mas'ala ta huɗu: yadda za a tsara sadakar

Na farko, a raba kuɗi gida uku tun kafin a tashi, a gaban yaron: guzuri, da tsarabar masu masauki, da sadaka. Aya ta 26 ta Suratul Isra'i ta haɗa umarnin bai wa dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu da hani ga almubazzaranci. In kuɗin nishaɗi ya kai jika ɗari biyar, sadaka kuwa jika biyu, to, a sake lissafi.

Na biyu, yaro ya sanya nasa a ciki, ko da dala ashirin ce daga abin da ya tara. Wanda ya ba da kuɗin ubansa ɗan aike ne. Wanda ya ba da nasa shi ne ya ɗanɗani ɗacin rabuwa da dukiya da zaƙin da ke bayansa.

Na uku, a yi tambaya kafin a bayar. In an sauka, a gai da limamin gari da mai gari da shugaban makaranta, a ji abin da ya fi damunsu. Sau da yawa za a tarar igiyar rijiya ce, ko gyaran famfo, ko tabarmin makarantar allo, ba tsofaffin tufafin da muka gaji da su ba. Lokacin da Sa'adu ɗan Ubada ya nemi sanin sadakar da zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, shayar da ruwa aka nuna masa, sai ya haƙa rijiya. Magani kuwa kada a raba shi hannu da hannu. A miƙa wa ma'aikacin lafiya na wurin, domin jahilci a nan yana iya kisa.

Na huɗu, a saya da mutunci. Manomin lambu a Timiya da ya shayar da lemu da rumman da dabino shekara guda, in ka sayi kayansa ba tare da ka danne shi a ciniki ba, ka taimake shi taimakon da bai taɓa martabarsa ba. Abin kunya ne mutum ya yi ta jayayya da mai saƙar tabarma a kan dala goma, sa'annan ya juya yana raba kuɗi a bainar jama'a.

Na biyar, a ɓoye. A cikin hadisin mutum bakwai da Allah zai inuwantar ranar da babu inuwa sai taSa, an ambaci saurayin da ya tashi cikin bautar Allah, an kuma ambaci wanda ya ɓoye sadakarsa har hannunsa na hagu bai san abin da na dama ya bayar ba. Ya kai uba, tafiya guda tana iya haɗa maka siffofin nan biyu cikin ɗanka, in ka aike shi bayan isha'i ya kai saƙo gidan da liman ya nuna, babu mai gani sai Allah.

Mas'ala ta biyar: baƙo shi ma mabuƙaci ne

Ibnu Baɗuɗa ya bar garinsu Ɗanja a 1325 yana ɗan shekara 21. Ya kai tsibiran Maldif da ke tekun Indiya, har ya yi alƙalanci a can. A 1353 ya iso Takadda, wadda masana da yawa ke ganin ita ce Azelik ta yankinmu, ya ratsa ƙasar Abzin ya koma arewa. Duk ilminsa da darajarsa, mafi yawan tafiyarsa a kan karamcin masu masauki ta tsaya. Haka kowane matafiyi yake. Wanda ya zo da mota da kuɗi, shi ke neman a nuna masa hanya, a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma.

Saboda haka ku koya wa ƴaƴanku cewa mutanen da aka je wurinsu masu gida ne, mu ne baƙi. Ko a Zanzibar ne, inda mafi yawan mazauna Musulmi ne, yaro ya shiga masallacinsu ya bi sahu da masunta, ya ci abin da suke ci, ya koyi gaisuwarsu. Ku tuna masa wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa a aya ta 18 ta surarsa, inda ya hana shi karkatar da fuska ga mutane da tafiyar taƙama. Ya ke uwa, in ƴarki ce za ta tafi tare da mahaifinta, ki shirya mata suturar kamala, ki nuna mata ta zauna da matan gari ta kama musu aiki.

Alamar tafiyar da ta karɓu takan bayyana bayan dawowa. In yaro ya dawo da hotuna kawai, an yi asarar guzuri. In ya dawo yana tattalin ruwan alwala, yana lura da almajirin ƙofar gida, yana tambayar ko rijiyar nan an gama gyaranta, to, ciniki ya yi riba.

Muna roƙon Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya karɓi kaɗan ɗin da muke bayarwa, Ya shirya mana zuriya, Ya kiyaye matafiyanmu a tudu da teku, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.