Amsoshin Tambayoyinku: Wane Batir Mai Caji Ya Fi Dacewa?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: cikin batura masu caji, wanne ya fi dacewa da rediyon hannu?

To Malam, mun gode. Na nikel da kadmiyam tsohon yayi ne. Yana da juriya, amma kadmiyam guba ne, shi ya sa aka rage yin sa. Wanda ya gaje shi, mai tambarin NiMH, bolt 1.2 yake bayarwa. Shi ne daidai da rediyo da tocila, sai dai wutarsa kan zurare in an daɗe da ajiye shi.

Na waya kuwa litiyam ne, bolt 3.7, ba nauyi, ga riƙe caji. Amma zafi ne makashinsa. Kada a bar shi cikin mota da rana, in kuma ya kumbura a daina amfani da shi nan take, don yana iya kamawa da wuta. Akwai ma litiyam mai girman AA da zai iya ƙona rediyon da ke son bolt 1.5. Malam, ka duba bolt ɗin da ke jikin batir kafin ka biya kuɗi.