DARASIN KIWON LAFIYA: MOTSA JIKI BAYAN KARAYA

Haɗari ba ya sallama. Wani ya faɗo daga bishiya, wani babur ya kayar da shi, wani kuma amalanke ta taka masa ƙafa. Idan aka yi ɗori ko aka sa siminti a asibiti, sai mu ce magana ta ƙare. Alhali kuwa da sauran aiki. Ƙashi yana iya haɗewa amma hannu ya kasa riƙe fartanya.

Me ke kawo haka?

Gaɓar da ta daɗe ba ta motsi takan sandare. Naman wurin kuma ya rame, ƙarfinsa ya ragu. Ƙashin hannun babba yakan ɗauki kamar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Na cinya yakan kai wata 3 ko fiye. Na yara ya fi saurin haɗewa. Duk tsawon wannan lokaci gaɓar tana zaune babu aiki. Saboda haka dole a sake koya mata aiki sannu a hankali. Wannan shi ne aikin da ake kira gashin ƙashi a asibiti. Ba wai gasawa da wuta ba ne, yawancinsa motsa jiki ne bisa tsari.

Tun ɗauri yana jiki

1. A riƙa motsa yatsu sau da yawa kowace rana.
2. A ɗora hannun ko ƙafar a kan matashi domin kumburi ya sauka.
3. A riƙa motsa sauran gaɓoɓin da ba a ɗaure ba, kamar kafaɗa.
4. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2, don kada kwanciya ta jawo masa gyambo.

Bayan an kwance ɗauri

1. A lanƙwasa gaɓar a miƙe ta a hankali, safe da rana da yamma.
2. Kada a bari wani ya fizge ta ko ya murɗe ta da ƙarfi.
3. Kada a taka ƙafa sai likita ya ba da izini. Kafin nan a dogara sanda.
4. A fara da ƙaramin aiki, kamar riƙe moɗa ko ɓare gyaɗa. Noma da ɗaukar kaya sai daga baya.

Abinci ma magani ne. A ba majiyyaci wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da zogale. Shan taba yana jinkirta haɗewar ƙashi.

Alamun haɗari

Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka sake launi, ko mutum ya daina jin su, ko ciwo ya yi ta ƙaruwa, to mai yiwuwa ɗauri ya matse hanyar jini. Haka kuma idan wurin ya fara wari. A tafi asibiti a ranar, kada a kwana. Jinkiri a nan yana sa a yanke hannu ko ƙafa, musamman ga yara. Karayar da ƙashi ya huda fata ya fito ba ta maɗori ba ce, ta asibiti ce.

Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen gashi. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Ku tambayi ma'aikacin lafiya na kusa da ku inda ya kamata ku je. 'Yan'uwa kuma su yi haƙuri da majiyyaci, su riƙa tuna masa motsa jiki kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Me ke sa gaɓa ta sandare?
2. Bayan awa nawa ake juya majiyyacin da ke kwance?
3. Rubuta alamu 3 da za su sa a garzaya asibiti.