Haƙƙin kifin ado a kan mai riƙe da shi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittun tudu da na ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata ƴar halitta da ake ajiyewa a gida ko a shago ko a ofis domin ƙawa, wato kifin ado da ake sakawa cikin akwatin gilashi. Akuya in ta ji yunwa takan yi kuka, kaza takan fita ta yi tono, amma kifin da ke cikin gilashi ba shi da murya kuma ba shi da mafita. Abincinsa da numfashinsa da tsabtar mazauninsa duk suna hannun wanda ya saye shi, saboda haka amana ne a wuyansa.

Hukuncin ajiye shi

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya san da haka bai hana ba. Daga nan malamai suka fitar da halaccin tsare tsuntsu a keji, kuma ana ƙiyasta kifi a kansa, da sharaɗin a ciyar da shi, kada a cutar da shi. Su kuma suka ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ashe tsarewa tana tafiya ne da nauyi.

Wani zai ce ai kifi ba ya jin ciwo. A shekarar 2003 wata masaniya mai suna Lynne Sneddon da abokan aikinta a Birtaniya sun gano jijiyoyin jin ciwo a fuskar wani nau'in kifi, sun kuma ga yadda yake barin cin abinci idan an cutar da shi. Shirunsa ba ya nuna cewa lafiya yake.

Gubar da ido ba ya gani

Abin da ya fi kashe kifin ado shi ne lalacewar ruwa. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya ta sassan numfashinsa da ke gefen kai, kuma kashinsa da ragowar abinci idan sun ruɓe suna ƙara shi. A kogi yawan ruwa yana tafiya da wannan guba, amma a cikin gilashi taruwa take yi, alhali ruwan yana nan garau a ido. Daga hikimar Mahalicci akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin matatar ruwa da kan tsakuwa, suna mayar da amoniya ta zama naitirait, sannan ta zama naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Shi ya sa wanda ya sayi akwati yau ya cika shi da kifi yau yakan wayi gari yana kwashe gawa.

Daga wannan bayani ladubba huɗu suke fitowa. Na farko, a fara da kifi kaɗan, a ƙara a hankali. Na biyu, kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo. Zubar da shi gaba ɗaya yana girgiza kifin. Na uku, kada a wanke soson matata da sabulu ko da ruwan famfo, a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da aka ɗebe, domin ƙwayoyin nan su rayu. Na huɗu, ruwan famfo yana ɗauke da kulorin mai ƙona sassan numfashin kifi, don haka a sa masa maganin kashe kulorin, in babu a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni. Tsohon ruwan kuwa a zuba wa shuka, taki ne, ba a yi almubazzaranci ba.

Abinci da wurin zama

Yawan abinci ya fi ƙarancinsa kashe kifi. A ba shi sau ɗaya ko sau biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 2, a kwashe abin da ya rage. A gargaɗi yara kada su riƙa jefa masa burodi da tuwo.

Kifin zinariya, wanda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1000 da suka wuce, yana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15 ko fiye, tsawonsa kuma ya kai santimita 20. Ko ƙaramin nau'insa ana ba da shawarar a ba shi ruwan da bai gaza lita 75 ba. Ƴar ƙwaryar gilashin nan mai zagaye kurkuku ce gare shi, har birnin Rum na Italiya ya hana amfani da ita a 2005. Haka nan akwai kifin beta na ƙasar Tailan, wanda idan aka haɗa maza biyu sai su yi ta faɗa har su yi wa juna rauni. A raba su, domin malamai sun hana haɗa dabbobi faɗa don nishaɗi.

Zafi da ɗaukewar wuta

Ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan sanyi. Lita ɗaya a digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi, ga shi zafi yana ƙara ƙarfin gubar amoniya. Yawancin kifayen ƙasashen zafi sun fi son digiri 24 zuwa 27, kifin zinariya kuma ya fi son ƙasa da haka. Mu da zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wajibi ne mu lura. A ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, a sa ma'aunin zafi a ciki. Idan aka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki, iska ce ta yi masa ƙaranci. In wuta ta ɗauke famfon iska ya tsaya, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama, a kuma dakata da ciyarwa. Kada a jefa ƙanƙara kai tsaye, canjin zafi na farat ɗaya yana kisa. Sannan maganin feshin sauro guba ne mai tsanani ga kifi, sai a rufe akwatin a kashe famfon iska kafin a fesa.

Sabon kifi a bar ledarsa tana yawo a kan ruwan akwatin minti 15 zuwa 20 kafin a sake shi, kuma ya fi kyau a keɓe shi mako 2 zuwa 4 don kada ya shigo da cutar fararen ɗigo. Wanda ya gaji da kifinsa ya ba mai iya riƙo. Kada ya zuba shi a tafki ko a kogi, domin baƙon kifi yana iya cutar da na gida waɗanda masunta suke dogaro da su.

Ya ɗan'uwa, kafin ka saya ka auna halinka. In ba ka da lokacin canza ruwa kowane mako, ko babu mai duba shi idan ka yi tafiya, barinsa ya fi maka alheri, domin ƙawa ba wajibi ba ce, amma haƙƙin rai abin tambaya ne ranar hisabi. In kuwa ka riƙe shi, ka kyautata, ana samun lada a kan kowane mai rai. Allah Ya sa mu cikin masu tausayin halittunsa, Ya yi mana rahama. Allah ne Mafi sani.