Darasin Sana'a: Yadda Ake Aiki da Injin Yankan Ƙarfe Ba Tare da Rauni Ba

'Yan uwa mazauna sansani, matasanmu da dama suna koyon walda da kafinta domin samun abin rufin asiri. A cikin kayan aikin da ke amfani da wuta, injin yanka da gurzar ƙarfe na hannu yana cikin waɗanda suka fi jikkata mutane. Mai sana'ar da ya rasa ido ko yatsa, iyalinsa ne suka rasa abinci, kuma babban asibiti yana da nisa daga nan. Ku karanta wannan darasi, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Ina haɗarin yake?

Ƙaramin injin mai faifan milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Gudun bakin faifan ya wuce kilomita 200 a awa. Idan faifan ya fashe, gutsattsarinsa sukan shiga fuska, wuya ko ciki kafin mutum ya ƙifta ido. Idan kuma ya maƙale a cikin ƙarfe, injin yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi.

Kafin a kunna

1. A cire fulogi daga wuta kafin a sauya faifai ko a taɓa bakin injin.
2. A duba faifan. Mai tsagewa, wanda ya jiƙe, ko wanda ya faɗi ƙasa, a jefar da shi. Yawancin faifai suna da ranar ƙarewar aiki a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiya.
3. A kwatanta lambar gudu da ke jikin faifai da ta jikin injin. Dole ta faifan ta kai ta injin ko ta fi ta. Babban faifai mai milimita 230 iyakarsa kusan 6,600 ne, don haka kada a ɗaura shi a ƙaramin inji.
4. Kada a cire murfin kariya. Kada a sa faifan zarto mai haƙora na yankan katako a wannan inji.
5. A duba waya. Wadda ta ɓare, ko aka ɗaure da leda, a kai wa mai gyara. Kada a cusa tsirarar waya a soket.

Lokacin aiki

A sa gilashin kariya, abin toshe kunne da takalmi rufaffe. Babbar riga, rawani, gyale ko hijabi mai lilo na iya naɗewa a injin, saboda haka a sa tufafi masu kama jiki. A ɗaure ƙarfen da za a yanka da maƙata, ba a danne shi da ƙafa ba. A riƙe injin da hannu biyu, a tsaya a gefe, ba daidai layin faifan ba. Sabon faifai a bar shi ya juya minti ɗaya kafin ya taɓa ƙarfe. Faifan yanka siriri ne, kada a yi gurza da gefensa. Bayan an kashe, a jira ya tsaya cak kafin a ajiye.

Gobara da janareta

Tartsatsi yana tashi mita da yawa, ga shi ɗakunanmu na tamfol ne da zana da ciyawa, suna kuma kusa da juna. A lokacin hunturu iska kaɗan ta isa ta cinye layi guda. A yi aiki a fili, nesa da fetur da ciyawa, a ajiye bokitin yashi a kusa, a kuma hana yara matsowa.

Janareta a ajiye shi waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum yana barci. A kashe shi ya huce kafin a zuba mai.

Kula da injin

Ƙura ce ke toshe ramukan shan iska har injin ya yi zafi ya ƙone. A share su da busasshen buroshi kullum bayan aiki. Idan aka ji ƙauri ko aka ga wuta da yawa a cikinsa, a kashe, mai gyara ya duba gawayin ciki. Kada a ɗauke shi ta waya. A ajiye shi a akwati mai kulle, inda ruwa da yara ba sa kai wa. Idan ƙungiya ce ke da shi, duk wanda ya ga matsala ya faɗa kafin ya miƙa wa na gaba.

Idan tsautsayi ya faru

Ƙarfe a ido: kada a murza, kada a cire da tsinke ko maganaɗisu. A rufe idon a hankali, a tafi asibitin sansani. Zubar jini: a danne da tsumma mai tsabta, kada a zuba man inji ko ƙasa. Wanda wuta ta kama: a kashe janareta tukuna, ko a ture wayar da busasshen itace, kada a taɓa shi da hannu.

Iyayen gida masu koyar da sana'a, kada ku bar sabon almajiri shi kaɗai da wannan inji. Mai tambaya ya tuntuɓi malaman cibiyar koyon sana'a ko shugaban unguwarsa. Allah Ya tsare mu, Ya sa albarka a sana'armu.