Darasi: Fitsarin Jini Ba Alamar Girma Ba Ne

'Yan'uwa manoma na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, mun saba ganin yaro yana fitsarin jini mu ce girma ne ya zo. Ba girma ba ne, tsargiya ce. Tsutsarta tana fitowa daga jikin dodon koɗi a kududdufi da fadama, ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa, ta yi ƙwai a mafitsara. In ta daɗe, takan jawo ciwon daji a wurin. Maganinta ƙwaya ce, Praziquantel.

Amma magidancin da ya sha magani jini bai tsaya ba, kada ya zauna. Ya nemi likita, kamar a Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya. Likita yakan zura siririn bututu ta hanyar fitsari ya duba. In tsiron bai yi saiwa ba, ana kankare shi ba tare da tsaga ciki ba. A waɗansu asibitoci ana ƙone shi da wani haske mai zafi, wato leza.

Sai dai tsiron nan kamar tofa yake, ka nome ya toho. Bayan wata 3 a koma a duba, ko da jiki ya yi daɗi. Mu tattauna a taron ƙungiya: wa zai raka shi, ina kuɗin mota?