Zomo da maganin barci

Kiyon zomaye ya shiga gidaje da yawa, birni da ƙauye. Wasu don nama suke kiyo, wasu don sayarwa. Wasu kuma don sha'awa kawai: zomo ya zama abokin yaran gida, har da sunansa.

Wata rana zomo yana bukatar likitan bisashe ya yi masa aiki. Ƙurji yana fito masa a haɓa, ya cika da mugunya mai kauri wadda ba ta fita da matsa. Haƙoransa ba su daina tsiro har ya mutu. In sun yi tsawo, sai an rage su. Akwai dandaƙa ga namiji, akwai cire mahaifa ga mace. Yawancin waɗannan ba su yiwuwa sai an sa shi barci, ko da allura, ko da wata iska da ake shaƙa masa.

Wannan barci yana da haɗari ga zomo fiye da kare ko kyanwa. A ƙasar Ingila an yi ƙidaya a asibitocin bisashe daga 2002 zuwa 2004, aka fitar da sakamako a 2008. Cikin karnuka 601 da aka sa barci, guda 1 ya mutu. Cikin kyanwoyi 419, guda 1. Amma zomaye, guda 1 cikin 72. Zomo mai lafiya, 1 cikin 137. Marar lafiya kuwa, 1 cikin 14.

Mi ya kawo haka? Zomo abin farauta ne. A daji, wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Don haka zomo yana ɓoye ciwonsa. Ranar da mai shi ya gane, sau da yawa ciwon ya daɗe. Huhunsa ƙarami ne, kuma ta hanci kaɗai yake numfashi, mura kaɗan ta isa ta toshe masa hanya. Ga shi da tsoro: haushin kare ko kamu da ƙarfi suna tayar masa da zuciya tun ba a taɓa shi da allura ba.

Babban kuskure shi ne hana shi abinci. Mutum ko kare, in za a yi masu aiki, ana hana su ci tun dare, don kada su yi amai cikin barci ya shaƙe su. Zomo ba ya iya amai. Hanjinsa kuma ba ya hutawa, dare da rana yana aiki. In ya kwana da yunwa, hanjin yana tsayawa, iska ta cika ciki, ya kumbura. Wannan kaɗai yana kashe zomo, ko aikin ya yi kyau. Saboda haka a bar masa haki da harawa da ruwa har lokacin tafiya. Wasu likitoci suna ɗauke abincin awa 1 ko 2 kafin aiki, don bakin ya zama ba kome a ciki. Bai wuce nan ba. Wanda ya ce a hana zomo ci tun jiya, bai san zomo ba, gara a nemi wani.

Tambaya ba raini ba ce. Mai zomo ya tambayi likita: ya taɓa sa zomo barci? Zai auna nauyinsa? Da nauyi ake lissafin magani, kuma zomo mai kilo 2 ba a yi masa kintace. Akwai maganin rage zafin ciwo bayan aiki? Zomon da ke jin ciwo ba ya ci.

Ƙidayar Ingila ta nuna wani abu kuma. Fiye da rabin zomayen da suka mutu, bayan an gama aiki ne suka mutu, musamman cikin awa 3 na farko. To, a nan aikin mai shi yake. Jikin zomo yana da zafi kamar digiri 39, amma cikin barci yana hucewa da sauri. Da sanyin hunturu a sa shi cikin kwali, a shimfiɗa masa tsumma mai tsabta. Da bazara kada a aje shi a rana, zafi ma yana kashe shi. Inuwa da shiru yake so, nesa da karnuka da wasan yara. Da ya farka a miƙa masa ganyen da ya fi so. A duba kashinsa. In ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a koma wurin likita ranar nan, kada a jira gobe.

Kada kuma a saya masa kafso a kasuwa. Amoksisilin da ƴan'uwansa na jinsin fenisilin, in an ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanjinsa, zawo ya kama shi, ya mutu cikin ƴan kwanaki.